Yadda ake naɗa mambobin hukumomin gwamnati a Kano, daga shigar da suna zuwa rantsuwa

Duk ranar da aka karanta sanarwar naɗe-naɗe a rediyo, hirar majalisun unguwa bayan sallar Isha ba ta wuce abu biyu: wane ya samu, wane an manta da shi. Da wuya ka ji an tambayi wace irin hukuma ce aka kai mutumin, wace doka ce ta kafa ta, ko sai majalisar dokokin jiha ta tantance shi, ko shekara nawa zai yi a kai. Alhali amsar waɗannan tambayoyi ita ce ke raba kujerar da gwamna zai iya karɓewa gobe da safe da wadda ba ya iya taɓawa sai 'yan majalisa 27 sun sa baki. Mutum uku nake nufi da wannan jagora: wanda ake shirin miƙa sunansa, ƙungiya ko yankin da ke son tura nasu, da ɗan jihar da ya ga za a ɗora wanda bai dace ba yana neman ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Mataki na farko: gane irin hukumar

Kalmar "hukuma" a bakinmu ta haɗiye abubuwa da yawa, daga KAROTA mai kula da zirga-zirgar ababen hawa har hukumar zaɓe. A doka kuwa ba uwarsu ɗaya ba.

Kashi na farko su ne waɗanda kundin tsarin mulkin 1999 ya kafa da kansa a sashe na 197, kuma uku ne kacal a kowace jiha: Hukumar Kula da Ma'aikatan Gwamnati, Hukumar Zaɓe Mai Zaman Kanta ta Jiha, wato KANSIEC a wurinmu, da Hukumar Kula da Ma'aikatan Shari'a. Kundin har yawan mutanensu ya faɗa. Ta ma'aikata shugaba ne da mambobi daga 2 zuwa 4. Ta zaɓe shugaba ne da mambobi daga 5 zuwa 7. Ta shari'a Babban Jojin jiha ne ke shugabanta, tare da Antoni Janar da Girandi Kadi, sai lauyoyi biyu da suka shekara aƙalla 10 da samun izinin aikin lauya, da wasu mutum biyu masu mutunci waɗanda ba lauyoyi ba. Ka lura a nan: Babban Joji da Antoni Janar da Girandi Kadi muƙaminsu ne ya zaunar da su, ba wanda ya zaɓo su don wannan kujera, kuma ranar da suka bar muƙamin ranar suka bar ta.

Kashi na biyu su ne mafi yawa, waɗanda Majalisar Dokokin Jiha ta kafa da doka. Hukumar Tace Fina-finai ta 2001, Hisba da Hukumar Shari'a da Hukumar Zakka da Hubusi na 2003, KAROTA ta 2012, SUBEB mai kula da ilimin matakin farko, Hukumar Kula da Asibitoci, Hukumar Jin Daɗin Alhazai, KNUPDA mai kula da tsara birane, Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci, da majalisun gudanarwa na manyan makarantu irin su jami'ar Wudil da Kano Poly, duk nan suke. Kowacce da dokarta, kuma dokokin ba sa kama da juna.

Na uku kwamitoci ne da gwamna ke kafawa don wani aiki na ɗan lokaci. In aikin ya ƙare, sun ƙare.

Akwai wani ruɗani da ya kamata a kawar tun yanzu. Mamba a wasu hukumomi ana kiransa kwamishina, amma ba shi ne kwamishinan ma'aikata ba. Kwamishinan lafiya ko na ilimi sashe na 192 ne ya tanade shi, yana cikin majalisar zartarwa, kuma gwamna na iya sauke shi duk lokacin da ya so. Kwamishinan KANSIEC wani abu ne daban.

Mataki na biyu: nemo dokar ka karanta

A nan nake son in daɗe, domin shi ne matakin da kusan kowa ke tsallakewa. Mutum zai yi wata shida yana zarya gidajen manya, amma bai taɓa buɗe dokar hukumar da yake nema ba, alhali sau da yawa 'yan shafuka ne. Ana iya neman kwafi a Ma'aikatar Shari'a ta jiha, ko ofishin akawun majalisa, ko wurin lauyan hukumar kanta. Ka tabbata ka tambaya ko an yi mata kwaskwarima, don dokar da aka yi shekara 20 baya mai yiwuwa an taɓa ta sau biyu ko uku.

In ta zo hannunka, nemi sashen da ya jera mambobi. Za ka tarar wasu kujerun an riga an ba wa ofisoshi: wakilin ma'aikatar kuɗi, na ma'aikatar shari'a, na ma'aikatar da ke kula da hukumar. Waɗannan ba naka ba ne, komai kusancinka da gwamnati. Wasu kuma an keɓe wa wani rukuni, kamar malamai, likitoci, 'yan kasuwa, mata, ko wakilin masarauta. Abin da ya rage bayan waɗannan shi ne ainihin gurbin da gwamna ke cikewa da wanda ya zaɓa, kuma yakan zama kaɗan fiye da yadda mutane ke zato.

Daga nan ka duba abu huɗu. Wace cancanta aka gindaya? Aikin na cikakken lokaci ne da ofis da albashi, ko na zuwa zama ne lokaci-lokaci a karɓi alawus? Shin sai majalisa ta amince, ko sa hannun gwamna ya wadatar? Shekara nawa ne wa'adin, kuma ta wace hanya ake cire mutum? Na ga wanda ya rufe shagonsa a kasuwa yana murna ya zama mamba, daga baya ya gano zaman hukumar sau ɗaya ne a wata uku. Da ya karanta layi biyu, da bai yi wannan asarar ba.

Su kuwa hukumomin nan uku na kundin tsarin mulki, sashe na 200 ya ce wanda za a naɗa dole ya cika sharuɗɗan da ake nema ga mai takarar majalisar jiha. Ya zama ɗan Najeriya, ya kai shekara 25 (kafin gyaran 2018 shekara 30 ce), ya yi karatu aƙalla matakin sakandare. Kada ya zama kotu ta tabbatar yana da taɓin hankali, ko ta ayyana shi wanda ya karye da bashi bai farfaɗo ba, ko ɗan ƙungiyar asiri ne, ko an hukunta shi kan rashin gaskiya cikin shekaru 10 da suka wuce. Wanda aka cire daga wani muƙami saboda aikata ba daidai ba cikin shekaru 10 shi ma ba ya shiga. Wanda ya yi wa'adi biyu a hukuma guda ba ya yin na uku.

Mataki na uku: yadda suna ke kaiwa teburin gwamna

Ba zan ɓoye maka ba, a nan siyasa ke da ƙarfi. Ba a saba buga talla a jarida a ce ga gurbin mamba a zo a cike fom ba. Sunaye na tahowa ne ta hannun jagororin jam'iyya na ƙananan hukumomi, 'yan majalisa, kwamishinoni, malamai, masarauta, da ƙungiyoyin sana'a. Ofishin Sakataren Gwamnatin Jiha ne bisa al'ada ke tattara takardun, gwamna ya yanke.

Amma ko a nan hannun gwamna ba a sake yake gaba ɗaya ba. Sashe na 197 ya ce wajen naɗa shugabanni da mambobin hukumomi da kamfanonin gwamnati da majalisun manyan makarantu, sai ya kiyaye sashe na 14(4), wanda ya wajabta a lura da bambance-bambancen al'ummar jiha don kowa ya ji ana yi da shi. Kano na da ƙananan hukumomi 44: 15 a Kano ta Tsakiya, 13 a Kano ta Arewa, 16 a Kano ta Kudu. Idan aka fitar da jerin mutum 12 aka ga 9 daga cikin birni da kewaye suke, mutumin Doguwa ko Shanono ko Sumaila yana da hujjar da ta fi ƙorafin baki, yana da sashen kundin da zai nuna. Ni a ganina mata ma wannan sashe ya kamata su riƙe da kyau, musamman a hukumomin lafiya, ilimin firamare da aikin Hajji, inda rabin waɗanda ake yi wa hidimar mata ne.

Ƙungiyar da ke son tura nata ta yi abin a rubuce. Wasiƙa ɗaya zuwa ga gwamna ta hannun Sakataren Gwamnati, a ambaci hukumar, a ambaci sashen dokar da ya ba rukuninku kujera in akwai, a haɗa da tarihin karatu da aikin wanda kuka zaɓa. Ku ba da suna biyu ko uku maimakon ɗaya, saboda in an riga an cike gurbin yankin na farko, a samu na ɗauka. Ku karɓi kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Kuma ku daidaita a tsakaninku kafin ku fita. Ƙungiyar da wasiƙa biyu masu karo da juna suka fito daga cikinta, yawanci duka biyun ake ajiyewa.

Gargaɗi ɗaya: duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya saka sunanka a jeri, ɗan damfara ne, ko da kuwa ya kira ka daga harabar gidan gwamnati. Ba a sayar da fom, ba a biyan kuɗin tantancewa.

Mataki na huɗu: takardu da binciken tsaro

Da an ce maka sunanka ya shiga, za a nemi takardar tarihin karatunka da aikinka, shaidar makarantu, shaidar haihuwa ko rantsuwar shekaru, takardar shaidar ƙaramar hukumarka, shaidar biyan haraji, ta bautar ƙasa ga wanda ta shafa, da hotuna. Ka yi kwafi da yawa, don majalisa ita kaɗai takan nemi tuli.

Abin da ya fi kayar da mutanenmu a nan shi ne saɓanin suna da shekaru. A takardar firamare Muhammadu Sani, a ta sakandare Sani Mohammed, a NIN an ƙara sunan gari, shekarar haihuwa kuma biyu. Gyara wannan tun kafin a kira ka, da rantsuwar kotu da sanarwar jarida in ta kama. Ga manyan muƙamai akan tura sunaye wa jami'an tsaron farin kaya na DSS su yi bincike, su kan kira mutum su yi masa tambayoyi, su kan kuma leƙa unguwa da tsohon wurin aiki. Faɗi gaskiya ko da ba ta yi maka daɗi ba. Tsohuwar matsala da ka bayyana da bakinka ta fi sauƙi a kan wadda aka tono.

Ma'aikacin gwamnati ya tsaya ya yi lissafi da kyau. Kundin ya ce in aka naɗa ma'aikacin jiha a ɗaya daga hukumomin nan uku, ana ɗaukarsa ya ajiye aikinsa tun daga ranar naɗin. Ba hutu ba ne, ba aro ba ne. Wanda saura masa shekara 12 kafin ritaya, ya auna su da wa'adin shekara 5, ya je ya ji matsayin fanshonsa kafin ya ce na karɓa.

Sai batun katin jam'iyya. Gyaran kundin na 2010 ya ce ba dole mamban waɗannan hukumomi ya zama ɗan jam'iyya ba, a hukumar zaɓe ta jiha kuwa haramun ne ma ya zama. Mun ga nauyin wannan layi a Kano a watan Oktoban 2024, lokacin da Babbar Kotun Tarayya ta yanke cewa shugabannin KANSIEC ba su cancanta ba bisa zargin zama 'yan jam'iyya, ana saura 'yan kwanaki zaɓen ƙananan hukumomi na ranar 26 ga watan. An yi zaɓen, kuma a 2025 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke wancan hukunci bisa cewa kotun farko ba ta da hurumi. Duk ɓangaren da mutum yake, ya ga yadda sharaɗi guda ya jefa jiha sukutum cikin shari'a ta watanni. Wanda za a kai hukumar zaɓe ya fita daga jam'iyya a rubuce tun da wuri, ya adana shaidar.

Mataki na biyar: majalisa

Ga hukumomin kundin tsarin mulki, sashe na 198 ya ce naɗin bai tabbata ba sai majalisa ta amince da ƙuduri. Ga sauran, sai in dokarsu ta ce haka.

Gwamna zai aika wasiƙa, Kakakin Majalisa ya karanta ta a zaure, a sa ranar tantancewa, ko dai a gaban kwamiti ko a gaban majalisar baki ɗaya a harabarta da ke Sakateriyar Audu Bako. Wanda aka gayyata ya je da asalin takardunsa, ya san dokar hukumar, ya san matsalolinta na yanzu, ya iya faɗin abin da zai yi cikin 'yan jimloli. Ya ziyarci ɗan majalisar mazaɓarsa kafin ranar. Wannan ba roƙo ba ne, ladabi ne, kuma shi za a fara waiwaya a tambaya ko ya san ka.

Akwai al'adar cewa tsohon ɗan majalisa ko wani babba ya gaisa kawai ya wuce ba tare da tambaya ba. Ba na goyon bayanta. Mutumin da zai riƙe ɗaukar ma'aikata da ƙarin girmansu na shekara 5, ko zaɓen ƙananan hukumomi 44, bai kamata a rasa minti 20 na yi masa tambaya a bainar jama'a ba. Girmamawa ba ta hana tambaya.

Tsakanin karanta wasiƙa da ranar amincewa, nan ne ƙofar talaka take, kuma ba ta daɗewa a buɗe, wani lokacin kwana biyu ne ko uku. Mai ƙorafi ya rubuta wa Kakaki ta ofishin akawun majalisa, ya sa sunansa da sa hannunsa, ya faɗi sharaɗin da wanda aka zaɓa ya saɓa, ya haɗa da shaida: hukuncin kotu, takardar kora, hoton katin jam'iyya. Ya ba ɗan majalisarsa kwafi. "Ba mutumin kirki ba ne" ba hujja ba ce a zaure. Kuma a ji tsoron Allah, kada gaba ta gida ko ta kasuwa ta sa a ɓata wa bawan Allah suna da ƙarya.

Mataki na shida: takarda, rantsuwa, bayyana kadara

Jin sunanka a rediyo ko ganinsa a Facebook ba naɗi ba ne. Ka dakata da walima da buga fosta sai takardar naɗi ta zo hannunka. Karanta ta a nutse: sunan muƙamin, ranar da ya fara aiki, tsawon wa'adi, da ko na cikakken lokaci ne. Ranar nan ka riƙe ta da kyau, don daga ita ake ƙirga wa'adi, kuma ita lauya zai fara tambaya in rigima ta taso. Ka mayar da amsar karɓa a rubuce.

Daga nan sai rantsuwa ko ƙaddamarwa, galibi a gidan gwamnati, wani lokacin a ofishin Sakataren Gwamnati ko na kwamishinan da hukumar ke ƙarƙashinsa. Musulmi da Alƙur'ani yake rantsewa, da alwala. Ina roƙon duk wanda zai ɗora hannu a kansa ya karanta kalmomin rantsuwar tun a gida, ya san abin da yake ɗaukar wa kansa.

Sai fom ɗin bayyana kadara na Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata. Jadawali na biyar na kundin ya sa shugabanni da mambobin hukumomi da kamfanonin gwamnati cikin masu riƙe da muƙamin jama'a, don haka dole su bayyana dukiyarsu da bashinsu da na 'ya'yansu marasa aure da ba su kai shekara 18 ba, da zarar sun kama aiki, sannan duk bayan shekara 4, da kuma ranar sauka. Gida, fili, gona, shago, hannun jari, duk a rubuta. Wanda ke aikin cikakken lokaci ba ya gudanar da kasuwanci na kansa, noma kaɗai aka yarje masa, kuma ba ya karɓar albashin muƙamin gwamnati biyu. A garin da kusan kowa ke da rumfa a Kwari ko Singa ko Dawanau, wannan sharaɗi ba ƙarami ba ne. Ka tsara wanda zai riƙe harkar kafin ka shiga ofis.

Bayan an zauna: iyakar iko da ranar tashi

Sabon mamba ya fahimci cewa hukumar gudanarwa daban, masu tafiyar da aikin yau da kullum daban. Manajan darakta ko sakataren zartarwa shi ke riƙe da ma'aikata da kashe kuɗi. Mambobi tsara manufa suke yi, su duba kasafi da rahoto, su yi tambaya. Yawancin rigingimun da ke kashe hukumomi daga nan suke farawa: shugaban hukuma na son ya raba kwangila, ko manaja na ganin mambobi 'yan karɓar alawus ne kawai, ba ya kiran zama. In kana da wata alaƙa da kamfanin da ake tattauna aikinsa, faɗa a rubuta, ka fita daga ɗakin. In ba ka yarda da wata shawara ba, ka nemi a rubuta ƙin yardarka a bayanan zama, don wata rana wannan takarda ce za ta tsaya maka a gaban masu bincike.

Wa'adin mambobin hukumomin kundin tsarin mulki shekara 5 ne, na gwamna kuwa 4. Da gangan aka yi haka, don kada hukumar ta riƙa tashi da faɗuwa tare da jam'iyya. Sashe na 201 ya ce ba a cire su sai kashi biyu cikin uku na majalisa sun nemi haka, a Kano mai mambobi 40 ke nan mutum 27, kuma dalili biyu ne kawai: gazawar yin aiki, ko aikata ba daidai ba. Albashinsu ma sashe na 124 ya hana a rage shi bayan an naɗa su. A 2006 Kotun Ƙoli, a shari'ar Gwamnan Kwara da Ojibara, ta yanke cewa rushe hukumar zaɓen jihar da sabuwar gwamnati ta yi ya saɓa wa kundin, domin sauyin gwamnati ba ya cikin dalilan cirewa.

Sauran hukumomi ba su da wannan katanga sai gwargwadon abin da dokarsu ta ba su. Shi ya sa sabuwar gwamnati ke iya rushe su da sanarwa guda, kamar yadda aka yi a Kano ranar 29 ga Mayun 2023. In haka ta same ka, koma ga dokar da takardar naɗinka. In dokar ta ba ka ƙayyadadden wa'adi da hanyar cirewa kuma ba a bi ba, ga lauya da wuri, domin ƙarar da ta shafi jami'an gwamnati tana da ƙa'idar lokaci, jinkiri na iya kashe ta. In kuwa ta ce kana kai ne muddin gwamna ya so, to ka rubuta takardar miƙa aiki, ka mayar da mota da makullai da fayiloli a karɓa da sa hannu, ka nemi lissafin haƙƙoƙinka a rubuce, sannan ka je ka cike fom ɗin kadara na sauka.